Hanyar Galmai Zuwa Ramin Kanwa

Galmai bai taɓa yin wata sana'a ba sai sauka cikin ramin kanwa na duwatsun Tibesti. Masana sun ce can a zamanin da babu mutum, dutsen ya yi ta aman wuta da toka har ya ƙarar da abin da ke cikinsa, sai kansa ya rufta. Tokar ta daskare ta zama farin dutsen da ake gina bukkoki da shi, ƙasan ramin kuwa ya cika da kanwa. Galmai dai ko a jikinsa. Shi abin da ya sani, raƙumi ba ya ƙiba sai da kanwa.

Gidansu na da hanyar sauka tun kaka da kakanni, kuma sharaɗinta ɗaya ne: mai hanya da ƙafarsa yake fitowa. Ranar da wani ya ɗauko shi, hanya ta zama ta wanda ya ɗauko shin.

Bana gwiwoyinsa suka ƙi. 'Ya'yansa maza duk sun tafi haƙar zinariya arewa, ko saƙo babu. Matarsa Edeyi ta gan shi yana ɗaure wa jakuna mangala, hankalinta ya tashi.

"Kai tsoho, da wace ƙafar? Jiya fa tashi daga tabarma sai da ka dafa ni."

"Dafa ki na yi don so, ba don gajiya ba."

"To, son ya hau da kai."

Sauka ba ta ba shi wuya ba. Ya sari kanwa, ya yi wa jakuna lodi. A hawa ne, daidai inda baƙin dutse ke zamewa, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ya rarrafa har tafin hannunsa ya fashe, ruwan salkarsa ya ƙare. Tsoro ya kama shi, baƙin ciki kuma ya fi tsoron yawa.

A nan Togoi ya same shi, ɗan ƙanen ubansa, wanda suka shekara ba sa ga maciji. Togoi bai yi masa dariya ba, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Yaya, in jira ka gwada, ko in kawo jaki?"

Galmai ya ɗaga kai ya dubi bakin ramin. Ya daɗe yana dubansa.

"Kawo jakin."

Edeyi na tsaye a sama da ƙwaryar ruwa lokacin da suka fito, Galmai a bisa jakin. Ta nufi mijinta, sai ya kau da kai, ya nuna mata Togoi.

"Fara ba mai hanya."