Zaren kitson kakata a cikin injin mota

Jama'a, zaren kitson kakata ne ya hana yayana tafiya ci-rani, wallahi ba wasa nake ba.

Shekarun baya, ina makarantar lise, na zo hutun vakans gida Dogon Dutsi. Yayana na da wata tsohuwar mota da yake jigila da ita zuwa Matankari, ita ke ci da gidanmu. Sai ta tsiro da hali: ana cikin tafiya ta ƙara wuta da kanta, ko ka taka totur ta yi kamar ba da ita kake ba. Kuma kullum kusa da wata tsamiya a bakin hanya. Nan da nan tasha ta ɗauka cewa doguwa ta shiga motar. Kiliyan, wato fasinjojinmu, sunka watse. Yaya ɗan Izala ne, ya yi wa'azi har ya gaji, babu mai hawa. Ya ce in damina ta wuce a haka, zai saida ta ya bi ayarin Aljeriya. Inna ta daina cin abinci sosai.

Ni kuma sarkin danne-danne, na yi ta kallon bidiyo har na gano irin ciwon. Akwai akwatin da totur ke ba umurni ta waya, makanikai na ce mai papiyon. Munka buɗe shi da safe. Robar wayoyin ta tsufa, kana taɓawa tana zuba kamar garin ƙuli-ƙuli, jan ƙarfe tsirara yana gogar juna. Kafin a kai tsamiyar inji ya yi zafi, ga gargada a wurin, sai wayoyin su haɗu, shi ke nan.

Matsala: duk garin baƙar waya kaɗai munka samu mai jure zafi. In duka baƙaƙe ne, yaya za ka san wacce ta tafi ina? Kuskure ɗaya, akwatin ya ƙone. Ina zaune na yi tagumi, duk kurin ya ƙare, sai kakata ta turo mani kwanon zarenta.

"Angona, ilimin ya ƙare ne? Ɗaura wa kowace launinta, kamar shaidar awakin kiwo."

Haka munka yi. Mu cire ɗaya, mu sa sabuwa, Yaya ya like da dalma, ni in ɗaura zare kai da gindi. Da la'asar munka wuce tsamiyar nan lafiya lau, munka juyo munka sake wucewa don mugunta.

Amma kiliyan fa? Na yi bayanin waya a tasha, kowa ya ce to, babu wanda ya hau. Sai ranar kasuwa kaka ta baza cewa da zarenta anka ɗaure abin da ke cikin motar. Washegari ta cika maƙil. Yaya ya ce mata wannan magana ba ta halatta ba.

"Ƙarya na yi? Buɗe ka gani in ba a ɗaure yake ba."

Sai ya ta da mota.

Har yau in na ga Yaya yana cin tuwo a tsakar gida, ba a wata ƙasa ba, sai in ji sanyi a raina. Zaren na nan, ya koɗe. In kun san mai tsohuwar mota da ke ƙara wuta da kanta, ku tura mai wannan, ya duba wayoyin papiyon kafin ya saida ta.