Baturen da Muke Kira Ƙonanne

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wata masaƙa a Sharada, nan Kano, muna da wani injiniya ɗan Ingila da ya manyanta. Rabin fuskarsa tabon ƙuna ne, kunnensa na hagu saura ɗan guntu. A bayan idonsa Ƙonanne muke kiransa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ni ne gwanin kwaikwayonsa. In mun fito cin abinci sai in karkace baki ina irin Hausarsa, abokan aiki suna ta dariya, ni ina jin kaina wani ne.

Wata rana da hantsi bututun tururi ya fashe a sashen rini, ya dafa mini hannun dama har gwiwa. Kwana uku ina kwance a asibiti ban ko iya kallon hannun ba, tunanina ɗaya: aikina ya ƙare, ga mata ga jaririya. Rana ta huɗu da la'asar sai ga Baturen nan da lemo a hannu. Ya ja kujera ya zauna.

Ya ce, "Motsa yatsunka in gani."

Na ce, "Yallaɓai, ba zan iya ba, zafi."

Ya ce, "Na san zafin. Motsa. In ka bar su za su ƙage, kamar nawa."

Ya miƙo hannunsa, na ga yatsu biyu a lanƙwashe. Na motsa nawa ina hawaye kamar ƙaramin yaro, shi yana ƙirga mini.

Kusan kullum sai ya zo in an tashi aiki, a nan na ji labarinsa. Ashe matuƙin jirgin saman yaƙi ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Yana da shekara ashirin Jamusawa suka harbo jirginsa a kan teku, wuta ta kama, murfin jirgin ya ƙi buɗuwa. Da ƙyar ya diro da laima, masunta suka tsamo shi. Ya ce cikin waɗanda suka koyi tuƙi tare, kusan duk ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Ya kuma ce shi ma ya harbo na wasu, kuma bai taɓa mantawa ba cewa su ma suna da uwaye.

Na tambaye shi me ya kawo shi Kano. Ya ce da ya warke an sa shi cikin masu kai jirage Masar, suna yada zango a nan, garin ya kwanta masa. Sai ya yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi.

"A ƙasarmu in mutum ya ga fuskata sai ya kau da kai. Ku kuwa kuna kallona sosai, ku sa mini suna, sannan ku gaishe ni. Na fi son naku. An ce ma kai ka fi kowa iya maganata."

Na rasa inda zan sa kaina. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ce in ci gaba da motsa yatsu.

Na warke na koma aiki. Bayan kamar shekara huɗu, cikin damina, ciwon zuciya ya kashe shi a gidansa na Bompai. Bai taɓa aure ba, babu wanda ya zo daga Ingila. Abokina ɗan Filato, Kirista, shi ya ce mini mu je maƙabartarsu. Muka je mu bakwai da kayan aiki a jikinmu. Fasto ya dubi 'yan mutanen da ke wurin ya tambaya ko akwai dangin mamaci. Sai abokina ya ce, "Ga mu nan." Mu muka ɗauki akwatin har bakin kabari.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne, shekara biyu ina yi wa mutum dariya a kan ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsa, ban taɓa tambayar me ya same shi ba. Yanzu na wuce shekarun da ya mutu a kansu. Ban sani ba ko akwai mai tuna shi a ƙasarsu. A nan Ɗorayi dai akwai wani tsoho da bai manta ba.