Mai Kaftu Don Santez

Duk tsibirin nan babu wanda bai san Evaris ba, tsohon da ke kaftu inda bai shuka komai ba. Shekara talatin da ɗoriya, kullum da hantsi sai ya saɓa fartanya ya shiga ƙarƙashin manyan itatuwan bayan gidansa, ya juya ruɓaɓɓen ganye, ya tsaya yana dube-dube. Santez yake jira.

Santez baƙar tsuntsuwa ce mai farin tabo a fiffike. Ba ruwanta da ƙololuwar itace, ƙasan kurmi mai inuwa ne gidanta. Ga ta da son banza: sai ta bi ƙaton kunkuru, duk inda ya ture ganye ta cafke kyankyaso da tana da 'yan ƙadangaru. In babu kunkuru, mai fartanya ma ya yi. Lokacin da Evaris ke fasa kwakwa a gandu, matarsa Zorzet na noman rogo, santez biyar ko shida ke bin dugaduganta, suna ci suna rera mata. Har ta iya waƙar tasu, da wannan fiton take kiransa cin abinci.

Shi da hannunsa ya kawo kyanwa. Ɓeraye sun addabi rumbun kwakwa, sai ga shi ya sauko daga jirgin ruwan da ke zuwa daga babban tsibirin Mahe da ita cikin kwando, yana washe baki.

"Ga maganin ɓarayinki," in ji shi.

Zorzet ta leƙa kwandon. "Haba, maigida! Tsuntsun da bai san gudu ba ka kawo wa wannan?"

Kyanwa ta hayayyafa, 'ya'yan suka shige kurmi. Kafin shekara huɗu ko'ina ya yi tsit. Zorzet ta daina fito, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu, abin da ya fi cin ransa ke nan. Sannu a hankali waƙar ta ɓace masa. Yakan tsuke baki zai gwada, sai ya ji ba ita ba ce.

Filomen, ƙanwar Zorzet, ba ta raga masa. In ta kawo masa gasasshen kifi da shinkafa sai ta tsaya bakin kurmi ta ƙwala masa kira.

"Angon fartanya! Yau kwando nawa na iska ka girbe?"

"Me kika ce?"

"Kurma kawai! Na ce abinci!"

"To ki daina magana cikin haƙori mana, tsohuwar banza."

Ita ce kuma ta kawo masa labarin cewa masu kula da namun daji sun kwashe kuliyoyin, sun sako santez shida daga wani tsibiri a bayan dutse.

"Tashi in kai ka ka gan su," in ji ta, bakinta dab da kunnensa.

"Ba gani nake so ba, Filomen. Waƙar yayarki nake so in sake ji. In akwai rabo, sun san inda ake kaftu."

Wata bakwai yana juya ganye. Ran nan, Filomen na tsaye da kwano, sai ga wani baƙin abu ya diro bayan fartanyarsa, ya fizgi tana ya haɗiye. Evaris ya tsayar da fartanya. Tsuntsuwar ta haye wani reshe da bai fi kamu biyu da fuskarsa ba, ta buɗe baki, maƙoshinta na rawa. Ya karkata kunnen dama, ya karkata na hagu. Ya juya sai ya ga Filomen ta ajiye kwanon, hawaye na bin kumatunta.

"Filomen, tana yi?"

Ta gyaɗa kai.

"Irin na yayarki?"

"Sak, Yaya," ta ce da ƙarfi. "Sak."

Ya daɗe yana kallon maƙoshin nan. Sannan ya sunkuya ya ci gaba da kaftu a hankali, don kada ta rasa abin ci ta tafi.