Jar Allurar da Adda Ta Sa Aka Yi Mini

Takalmina ne ya fara tona mini asiri. Wata safiya ina hanyar firamaren da nake koyarwa a Azare, mai ƙosai ta ƙwala mini kira, "Malama, kin bar takalminki!" Na duba, ƙafar hagu ba takalmi, na yi taku kusan goma a kan tsakuwa ban ji ba. Na koma na ɗauka ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

Daga nan alli ya fara suɓuce mini a gaban allo. Idona na dama ya yi dishi-dishi kwana tara, ya washe da kansa. Ga wata gajiya da barci ba ya taɓa ta.

Likitan da na gani a nan gari mai faɗin gaskiya ne, har tana yi masa yawa. Ya ce abu biyu yake zargi. Ko jikina ya rasa wani bitamin da ake kira B12, wanda allura ke gyarawa, ko kuwa wata cutar jijiyoyi ce, MS, wadda ko sunan Hausa ba ta da shi. Ita ba ta warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa ta, kuma takan zaunar da wasu a keken guragu. Ya tura ni Kano gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa, bayan sati biyu. Ni dai abu ɗaya nake so, a faɗa mini wacce ce.

Yayata, wadda muke kira Adda, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana jin labari ta taso daga Gamawa da man shanu da ƙwan zabi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Haka za ki shiga motar Kano, kamar kazar da ruwa ya doka? A gidanmu ba a fita tafiya jiki a sanyaye." Ta aika aka kira mai kemis na bakin layi, ya yi mini allurar ƙarin ƙarfi kwana biyar a jere. Ruwanta ja ne kamar zoɓo. Wa bai san ta ba? Mai jego a yi mata, wanda ya tashi daga zazzaɓi a yi masa. Ko a cikin magunguna ba ma lissafa ta.

A Kano likitar jijiyoyi ta daɗe tana kallon takardar jinina.

"Hajiya, an yi miki wata allura kwanan nan?"

Na ce eh, har da ɗan alfahari, na kwatanta mata.

Ta ajiye biro. Ta ce allurar nan ita ce B12 ɗin. Yanzu jinina cike yake da shi, babu yadda za ta san ko da can babu. Hoton kuma ya nuna wasu ƙananan fararen ɗigo, waɗanda kowacce daga cikin biyun za ta iya jawowa. Na ce to kar a ƙara yi mini allurar, a sake aunawa mana. Ta ce sai an yi watanni kafin ya fita daga jiki, kuma in ƙarancin ne da gaske, jijiyoyin za su ƙara lalacewa kafin nan. Sai ta rubuta mini in ci gaba da ita, in dawo bayan wata shida. Ban yi kuka ba. Na gaji ne kawai, gajiyar wanda ya yi doguwar tafiya ya tarar da gidan a kulle.

Da na dawo Adda ta buɗe kwalin maganin ta ga jan ruwan nan, sai ta rangaɗa guɗa. "Kun gani ko? Abin da babbar likitar Kano ta rubuta, ni na riga ta!" Kafin la'asar dangi har Dambam sun ji cewa ƙarancin bitamin ne, maƙwabta suna shigowa barka. Kowa ya samu amsa ban da ni. Na ji haushinta, wallahi na ji, har na kasa cin tuwon da ta tuƙa. Amma da wane baki zan ce mata kulawarta ce ta rufe mini ƙofa?

Yau wata huɗu. Ƙafar ta ɗan dawo, sai dai likitar ta riga ta faɗa mini MS ma haka take, ta lafa ta dawo. Ko sauƙin ma ban san ko in yi murna da shi ba.

Ran Juma'ar da ta wuce Adda ta kira kamar yadda ta saba. Muna cikin magana na ji yatsun hannun da na riƙe wayar suna mutuwa, ɗaya bayan ɗaya, hannun da bai taɓa yi ba.

"Auta, kina ji na? Jikin dai ya warware ko?"

Na mai da wayar ɗaya hannun na ce, "Ya warware, Adda. Allah ya saka miki."