Gajeruwar Rashin Lafiya

Shekara goma sha tara ta yi tana karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyo, har sunanta ya ɓace, kowa sai dai ya ce Anti Sanarwa. Mijinta, direban babbar mota, yakan tsokane ta: "Ke ko gaisuwa kika yi wa mutum sai gabansa ya faɗi." Ɗakin aikinta ba taga, kujera ɗaya ce sai fankar da ake kashewa in za ta fara magana. Ba ta taɓa kuskuren sunan mamaci ba.

Da yaƙi ya ɓarke, sai aka turo wani jami'i mai jan biro ya zauna a bakin ƙofarta. Duk takardar da aka rubuta "ya rasu a fagen daga", sai ya soke, ya sa "bayan gajeruwar rashin lafiya". Wai kada gwiwar jama'a ta yi sanyi. Samari majiya ƙarfi, yau takwas, gobe sha biyu, duk gajeruwar rashin lafiya! Wata huɗu tana karantawa, abin yana cin ta a rai.

Ran nan ƙanwarta ta zo da takarda, idanu jawur. Autanta aka kashe.

"Yaya, ɗana ko ciwon kai bai yi ba. Kada ki yi masa ƙarya."

Jami'in ya soke kamar kullum. Anti Sanarwa ta shiga, ta kashe fanka, ta karanta abin da ke ƙarƙashin jan layin: sunan yaron, shekarunsa, da gadar da aka harbe shi a kai. Kafin ta kai ga addu'a an katse ta da kiɗa.

Kwana tara aka tsare ta.

"Wa ya sa ki?" in ji mai tuhumar.

"Uwarsa."

"Kin san kin taimaki abokan gaba?"

"Ranka ya daɗe, ai su suka kashe shi, sun riga sun sani. Mu kaɗai ake ɓoye wa."

Manajan da ita ta koya masa aiki, shi ya sa hannu a takardar korarta, ya kasa ɗaga ido. Abokan aiki in sun hango ta sai su sauya hanya. Ta sayi keken ɗinki, ta koma yi wa 'yan makaranta riguna a tsakar gida.

Bayan shekara biyu yaƙin ya ƙare. Aka ƙara wa jami'in girma. Ita kuwa har yau ba wanda ya taka ƙofarta ya ce ta yi haƙuri.