Sa Hannuna a Takardar Korar Ƙawata

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu aikin da zai fi ƙarfina, ni ce sakatariyar zumuntar mata a cocinmu. Ba don na fi kowa tsoron Allah aka zaɓe ni ba, an dai ce ina aikin ofis, na iya kwamfuta, rubutuna kuma yana karantuwa. Ni kuwa da son a ce na iya, na karɓa har da godiya.

A unguwar Kamazou ta Kaduna muke zaune, aikina kuma a wata masana'anta ne a Kudenda, a ofishin da ke ba manyan motoci takardar fita da kaya. In tashi da sassafe in dafa abinci, in shirya yara, in hau keke mai ƙafa uku zuwa Sabo, in shiga bas zuwa unguwar Television, daga nan in sake neman wata motar. Ƙarfe biyar ake tashi a rubuce, amma in motoci suna layi babu mai duba agogo. Zumunta kuwa ranar Alhamis ce ƙarfe huɗu. Taura biyu ba ta taunuwa, amma ni na rantse sai na tauna.

Dabarar da na ga ogana yana yi na ɗauka. In zai fita, sai ya sa hannu a kan takardun fita guda ashirin ya bar mana, mu cike lambar mota daga baya. Ni ma sai na buga wasiƙun zumunta iri-iri, na gayyata, na godiya, na ta'aziyya, har da na cire suna, na bar gurbin suna babu komai, na rattaba musu hannu na miƙa wa mataimakiyata. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, mace mai bin doka sau da ƙafa. Ita take zuwa taro ta kira suna, ni kuma in karɓi littafin ranar Lahadi in gyara rubutu. A lokacin har yabon kaina nake yi cewa na kawo ci gaba.

Ga wanda bai san zumunta ba, akwai doka ɗaya da kowace mace take tsoro. In kika yi wata uku ba ki zo taro ba, ba ki kuma aiko da uzuri ba, za a cire sunanki a aika miki da wasiƙa. Wadda aka cire kuwa, ranar da ta mutu mata ba za su sa yunifom ba, ba za a buga mata tulun da muke kiɗa da shi ba, ba za a yi layi a gaban akwatinta ana waƙa a raka ta kabari ba. Wani zai ce ai zane ne kawai da ɗankwali. A wurinmu, wannan rakiyar ce shaidar cewa mace ta yi zama da mutane ta kuma riƙe bangaskiyarta.

Ƙawata ita ce mai buga mana tulu. Tela ce a Television, yankinmu ɗaya a kudancin Kaduna, kusan tare muka shigo gari muna amare. Ba ta kirana da komai sai Madam Sakatare, don tsokana. Wata Asabar ina tsakiyar wanki ta shigo, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta kama hannuna da kumfar sabulu a jiki ta ɗora a gefen nononta na hagu. Na ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon goruba.

"An gwada, an ce kansa ce," in ji ta. "Zan fara zuwa Zariya karɓar magani. Daga baban yara sai ke kuka sani, kuma ban yarda wani ya ji ba."

Na ce, "Haba 'yar'uwa, ki bari mata su yi miki addu'a mana."

"Addu'a ko kallo? Ba ki ga yadda aka yi da matar dattijon nan ba? Ana cewa amin ana leƙen ƙirjinta. Ke dai ki nema min uzuri wurin Mama, ki ce wata matsala ce ta gida."

Na share hawaye na ce, "Bar min wannan. Ai littafin a hannuna yake."

Mama ita ce shugabar zumunta, ita kaɗai take ba da uzuri mai tsawo. Na so in same ta ita kaɗai, don in na rubuta dole in faɗi dalili. Lahadi ta farko na hango ta mutane sun kewaye ta, ga shinkafa tana jirana a gida, na ce sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa ɗana na zazzaɓi. Na gaba an ce mu zo aiki har ranar Lahadi saboda kaya sun taru. Daga nan maganar ta koma cikin jerin abubuwan da nake tunawa a cikin bas in manta kafin in sauka. A raina kuma ina cewa wa zai taɓa sunan mai buga tulu, ai kowa ya san ta.

Sau biyu na je duba ta a cikin wata ukun nan, saura duk a waya ne, yawanci ina cin abincin rana da hannu ɗaya ina buga hatimi da ɗaya. Rannan ta tambaye ni, "Madam Sakatare, kin dai gaya wa Mama ko?" Direbobi uku suna tsaye a kaina, na ce, "An gama tuntuni, ke dai ki sha maganinki." Na faɗa ne da niyyar in mai da ita gaskiya ranar Lahadi. Har yau ina jin muryata tana faɗin wannan ƙaryar, da fara'arta da komai.

Wata Juma'a mijin ƙawata ya kira ni a ofis. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya ce, "Madam ta ce ki zo gobe."

Na same ta a kwance a falo, an shimfiɗa mata katifa kusa da taga. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa, kanta ɗaure da ɗankwali don gashin ya zube. Ta nuna min kujera, ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin filo ta miƙo min. Ban buƙaci in karanta ba, ni na tsara kalmomin da kaina. Sunanta ne a gurbin da biro mai shuɗi, a ƙasa kuma ga sa hannuna, da ƙatuwar lanƙwasar nan da nake yi don a san 'yar ofis ce.

"Wannan hannunki ne?"

"Nawa ne," na ce. Na fara bayanin yadda nake sa hannu tun kafin a cike suna, yadda ban san an aika ba. Ta bar ni na gama.

"To na ji wannan. Mama fa? Kin ce an gama."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko taku biyu bai kai ba.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta juya fuska wajen taga ta ce, "Da wata ce ta sa hannu, da na yi kuka na huta. Ki je ki gyara. Ki gaya musu komai, yanzu babu sauran abin ɓoyewa. Likita ya ce in koma gida in huta, na kuwa gane abin da yake nufi. Ba na so a kai ni ƙauye gaban mahaifiyata kamar wadda ba ta da kowa a Kaduna."

Daga nan gidan mataimakiyata na wuce da zafina, ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Sakatariya, mutum biyar na aika wa, duk wata uku cif. Da na zo kan sunanta na tsaya, sai na ce ai ƙawarki ce, da tana da uzuri ke za ki fara faɗa." Gaskiyarta ce.

Washegari bayan sujada na tsaya na jira Mama, abin da ya gagare ni wata uku, bai kuwa ɗauke ni minti goma ba. Ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Yesu! Yarinyar nan, me kika yi?" A ranar mata suka cika gidan ƙawata, suka yi waƙa suka yi addu'a, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma mai da suna ba a hannun Mama kaɗai yake ba, sai kwamiti ya zauna, zamansa kuma sai farkon wata, saura kwana goma. Mama ta ce kada in damu, magana ce ta minti biyar. Na koma na gaya wa ƙawata an kusa. Ta ce, "Wannan karon da gaske?" Na ce da gaske.

Kwana shida bayan haka ta rasu, da rana, ina ofis ina ba motoci takarda.

Kwamiti ya yi zaman gaggawa a ofishin coci. Na tashi na faɗi komai, ban rage ba, na ce laifina ne, a hukunta ni a bar mamaciya. Har na ga kawuna sun fara gyaɗawa, sai wata daga cikinmu ta miƙe. Shekarar da ta wuce aka binne yayarta babu yunifom, a kan wannan dokar.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji ta. "Yayata ma ciwo ne ya kwantar da ita, ita ma kunya ce ta hana ta faɗa. Na durƙusa a ɗakin nan na roƙe ku, kuka ce doka doka ce. Wasiƙarta ma wa ya sa mata hannu? Ba sakatariya ba? Yau don ƙawar sakatariya ce za a lanƙwasa? To ku fara tono yayata ku yi mata."

Ni kuwa ko sunan yayar tata ban tuna na gani ba. Aka ɗaga hannu, aka yanke cewa za a je jana'iza, za a yi waƙa, amma kowa da kayan gida, kuma tulu ba zai fita ba. Fasto ya ce harkar mata ce, ba zai shiga ba.

Na je wurin ogana ina murɗa hannu, na roƙi kwana ɗaya. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ah ah, Madam, ɗauki biyu mana. Tun da me ya hana ki tambaya?" Na fito na shiga banɗakin ofis na yi kuka. Shekara da shekaru ina cewa ofis ne ya hana ni, ashe ban taɓa tambaya ba.

Ranar jana'iza na ninke yunifom ɗina na sa a jaka ba tare da na gaya wa kowa ba. Da muka isa ƙauyensu na nemi wani ɗaki na canza. Na fito, zane da farar riga da ɗankwali, ni kaɗai a cikin mata sama da talatin. Mama ta dube ni ta kau da kai. Na je gaban akwati na tsaya inda layinmu ya kamata ya tsaya, aka ɗaga, na yi gaba ina waƙa da muryar da ko a taro ba a ba ni baiti.

Bayan an rufe kabari, mahaifiyarta ta aiko a kira ni. Tsohuwa ce tukuf, ita ma 'yar zumunta ce a ƙauyensu, don haka ta san abin da idonta ya gani. Na durƙusa, ta kama fuskata da hannu biyu.

"'Yata, ban san abin da ta yi wa matan birni suka ƙi ta ba, ba kuma zan tambaya ba. Amma ke kin tsaya mata. Ubangiji ya tsaya miki."

Mijin ƙawata yana tsaye a bayanta, ya san komai. Ya dube ni, na dube shi, ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na ga idon tsohuwar, sai na ji kaina ina cewa amin.

Da muka dawo aka dakatar da ni wata shida saboda karya umarnin kwamiti, ni kuma na ajiye sakatarci gaba ɗaya. Daga baya an gyara dokar, yanzu sai an tura mata biyu sun ga mutum ido da ido kafin a taɓa sunanta. Mutane suna cewa ai ga alheri ya fito daga ciki. Ni ban taɓa jin daɗin wannan maganar ba, don da ƙawata aka biya kuɗin gyaran.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na ɗauka mai cin amana mugu ne mai shiri, ban san mace mai yawan hidima, mai kyakkyawar niyya, mai cewa sai Lahadi mai zuwa ma tana iya yi ba. Na tuba, na kuma gaskata Ubangiji ya gafarta min. Ita ƙawata ban sani ba, ba mu sake zama mu biyu ba kafin ta tafi.

Tsohuwar tana nan da rai. Duk Kirsimeti sai ta ba direban motar ƙauyensu ƙullin acca, wankakkiya tas babu tsakuwa ko ɗaya, ta ce a kai wa 'yarta ta Kamazou mai amana. Mijina ya sha ce min in je in gaya mata in huta, ni kuma na kasa gane ko don ita nake yin shiru ko don kaina. Ina karɓa in yi godiya, in dafa, yara su ci har su nemi ƙari. Ni dai har yau ban iya kai loma ɗaya bakina ba.