Shimfiɗar Gadon Inna da Aka Raba wa Baƙi

Wanda ya karɓi aron kayan wani, abu biyu ne a wuyansa: ya kula da shi, kuma ya mayar da shi yadda ya karɓe shi. Matar da ta ari turmi a maƙwabta ta san wannan ba tare da an karanta mata ba. Ƙungiyar matan unguwarmu ta Moduganari ta karɓi aron shimfiɗar gadon mahaifiyata daga hannuna, kuma abin da ta yi da ita shi ne zan rubuta a nan, domin na faɗe shi da baki sau da dama an mayar da shi abin raha.

Na yi aikin rajista a wata ma'aikata har na yi ritaya, shi ya sa da aka kafa ƙungiyar aka ɗora mini sakatariya. Ban nema ba, amma tunda na karɓa ban taɓa rubuta abin da ba a yi ba.

Shimfiɗar da nake magana a kai Inna ce ta saƙa ta da kwarashi tun ina firamare. Farin zaren auduga ne, siriri, wanda take saya a Kasuwar Kwastam dunƙule ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da ya samu. Fure-fure take saƙawa, kowanne kamar tafin hannu, ta tara su a cikin kwalla, sai sun yi yawa ta zauna ƙarƙashin dogon yaron tsakar gidanmu ta harhaɗa su da zare. Na shiga sakandare ba ta gama ba. Da ta gama, ba a shimfiɗa ta sai da salla ko idan an yi haihuwa, kuma kafin a mayar da ita akwati sai Inna ta turara ta da haɗin turaren wutarta, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa sirrinsa ba. Da Allah ya yi mata rasuwa, 'yan uwana suka ɗauki abin da suka ɗauka, ni na ce a bar mini shimfiɗar.

Bara wata hukuma da ba zan ambata ba ta tallafa wa ƙungiyarmu domin a koya wa mata saƙar kayan ƙawata ɗaki. Shugabarmu, wadda kowa ke kira Hajja, ta ce ba sai an wahala neman malama ba, akwai 'yar ƙanwarta. Yarinyar ta zo da waya a hannu, kuma duk iliminta na saƙa a cikin wayar yake. Kalma biyu ta haddace, “cikin sauƙi, cikin sauri”, har aka buga su a ƙyalle aka rataye a ƙofar gidan Hajja. Abin da za ta koyar ta lissafa mana shi: rigar filas, rigar kwalin tishu, rigar rimot ɗin talabijin, da ɗan faifan ɗora kofin shayi. Na zauna ina jin yadda za a tufatar da rimot a garin da mutum ke neman inda zai cire mayafi saboda zafi.

Ana gobe za a fara, Hajja ta zo gidana da kanta.

“Sakatariya, shimfiɗar nan ta Inna za ki ara mana. Rataye ta kawai za a yi a bango, matan su ga inda sana'ar take kai mutum.”

Na ce, “Hajja, ko 'ya'yana ba sa taɓa ta.”

“To wa zai taɓa? Ido kawai. Amana ce a hannuna, ni da kaina zan kawo miki.”

Na naɗe ta cikin wankakken zane na miƙa mata. Kalmar amana ita ta furta, ba ni na sa mata a baki ba.

Horon da aka yi ba zan ɓata takarda a kansa ba. Rabin lokacin ya tafi a ɗaukar hoto, a ce kowa ta ɗaga kwarashinta sama ta yi murmushi. Sauran rabin kuma malama tana tsakiya tana mayar da bidiyo baya, ita ma tana ƙoƙarin gane inda hannun cikin wayar ya bi. Matan da suka zo koyo ba su da laifi. Sun baro girki da yara sun zo da niyya. Amma har aka kusa rufewa, abin da mafi ƙwazonsu ta iya shi ne doguwar sarƙar zare wadda ba ta zama komai ba. Zaren da aka saya ma na roba ne, mai launi kamar alawar yara, yana ƙara idan an ja shi.

Ranar jajiberin rufewa aka ce ni zan zaga in raba katin gayyata, wai ni ce na san gidajen mutane. Na yini a keke mai ƙafa uku daga wannan unguwa zuwa waccan. Sai daga baya na fahimci dalilin da ya sa aka zaɓe ni.

Washegari na iso na tarar an kafa rumfa, an jera kujerun roba, matan manya sun cika sahun gaba. Teburin baje koli cike yake da wasu fararen abubuwa, kowanne cikin leda an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle. Daga inda aka ajiye mini kujera ba na ganinsu sosai. Na dubi bango, babu shimfiɗa. Na tambayi Hajja, ta ce an shigar da ita ɗaki kada yara su taɓa. Har godiya na yi mata.

Aka yi jawabai. Wakiliyar hukumar ta ce ba ta taɓa ganin mata masu kaifin basira irin namu ba. Malama ta ce wannan kaɗan ne ma, da an ƙara mata lokaci da an ga abin mamaki. Sannan aka ce, kamar yadda aka saba, ba a barin baƙo ya tafi hannu sake, kowa za a ba ta faifan kofi ɗaya daga aikin ɗalibai. Aka fara da sahun gaba. Wakiliyar aka cika mata jaka, domin ta kai ofis shaida.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa Babarbariya, aminiyar Inna, wadda tun ina yarinya nake ce mata Ya Hajja. Ita aka miƙa wa kafin ni. Ta kwance ledar, ta kai hanci, ta daɗe ba ta sauke ba. Sannan ta juyo ta dube ni.

“'Yata, wannan ai turaren uwarki ne.”

Na kwance tawa. Furen Inna ne, mai ganye takwas, ga guntayen zaren haɗi a gefensa inda almakashi ya bi. Sun ga tebur zai zauna wayam a gaban baƙi, sai suka sauke shimfiɗar daga bango, suka datse mahaɗanta ɗaya bayan ɗaya, suka zuba aikin shekarun Inna a leda suka ce na 'yan kwanaki ne.

Ban tayar da murya a gaban baƙi ba. Ba a yi mini irin wannan tarbiyyar ba. Ya Hajja, aminiyar Inna, ta cusa mini nata a hannu, ta tashi ta bar wurin ba ta taɓa lemon da aka ba ta ba. Na jira har motar ƙarshe ta tashi, sannan na sami Hajja tana lissafin kujeru.

“Hajja, ina amanata?”

Ko kunya ba ta ji ba. “Haba Sakatariya, ke fa kin cika tsanani. Abin da ke kwance a akwati shekara da shekaru ba mai gani? Yau ga shi ya shiga gidajen manya. Duk wadda ta ɗora kofi a kai, ladan Inna ne. Sadaka ce mai gudana.”

Na ce, “Sadaka da kayan wani, a wane littafi kika karanta ta?”

Sai malama ta matso, tana danna waya. “Anti, wallahi ba mu taɓa furen ba fa, zaren tsakani kawai muka cire. Kuma akwai irinsa a nan, kin gani? Zan yi miki sabuwa, har da kala-kala, ta fi waccan fitowa a hoto.”

Na dube ta, yarinyar da ba ta iya rufe da'ira ɗaya ba, tana yi mini alkawarin shimfiɗar gado. Na ce mata ta fara gama rigar rimot tukuna.

A taron da ya biyo baya, Hajja ta ce in rubuta cewa an kammala horo cikin nasara. Na rubuta abin da ya faru, na karanta shi a tsaye. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi dariya a cikin mayafi, wata ta ce a kan tsumma za a raba zumunci. Aka ƙi amincewa da bayanin taron, kuma har yau shafin yana nan ba sa hannun shugaba.

Tunda ni na raba katin, na san gidajen, sai na bi su da ƙafata. Wasu sun ba ni da ban haƙuri. Wata ta ce kyauta aka ba ta, kuma ba a karɓe kyauta. Wata ta ce ba ta ma tuna inda ta jefa shi ba. Na je har Dusuman wurin wata da aka ce an ba ta biyu, na tarar da ɗaya ƙarƙashin kaskon turare, garwashi ya huda tsakiyarsa. Ɗayan kuwa an goge butar shayi da shi har ya koma ruwan ƙasa. Na karɓe su a haka na wanke. Waɗanda aka cika wa wakiliya jaka da su, an ce suna manne a allon ofishinsu, da rubutu a ƙasa cewa aikin matan Moduganari ne. Na je sau biyu, mai gadi ya ce sai da takarda daga shugabar ƙungiya. Shugabar ta ce ba za ta kunyata kanta a gaban masu tallafi ba.

Abin da na tattara yanzu yana cikin kwallar Inna, bai kai ya rufe rabin gado ba. Na sayi farin zare a Kasuwar Kwastam, na kuma nemo kwarashinta, domin haɗawa ba ta gagare ni ba. A gefenta na zauna lokacin da take yi. Furannin ne ba zan iya ƙirƙira ba, kuma duk ranar da aka ƙara, wani yana ƙonewa ko yana tafiya bola.

Saboda haka nake roƙon iyayen ƙungiya, dattawan da aka naɗa domin irin wannan rana, su zauna su binciki wanda ya ba da umarnin sauke shimfiɗar da wanda ya riƙe almakashi. Ina roƙon a umarci shugaba ta rubuta wa hukumar da ta ba da tallafi gaskiyar abin da ke manne a allonta, ta nemi a dawo da shi, a kuma aika wa duk baƙuwar da ta karɓa cewa kayan aro aka ba ta. Ina roƙon a sa hannu a bayanin taron yadda na rubuta shi. Ba na neman kuɗi, ba na kuma son sabuwa mai kala-kala. Furannin Inna nake nema, ko masu tabon shayi ne, ko waɗanda wuta ta huda.